Wa Zai Karanta Kod Ɗinka Bayan Shekara 50? Fashin Baƙi Kan Rubuta Sharhi a Cikin Manhaja

Tun da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suka fara rubuta kod da kansu, wata tambaya ke ta yawo tsakanin masu koyon sana'ar rubuta manhaja da ma waɗanda suka daɗe a cikinta: shin har yanzu akwai amfanin mutum ya zauna ya rubuta sharhi a cikin kod ɗinsa? Wasu na ganin ɓata lokaci ne. Hujjarsu ita ce, in wani sashe ya shige maka duhu, sai ka kwafe shi ka miƙa wa ChatGPT ko Copilot, cikin 'yan daƙiƙoƙi ya warware maka shi layi bayan layi. Akwai kuma waɗanda tun kafin zuwan waɗannan manhajoji suke da ra'ayin cewa kod mai kyau ba ya buƙatar sharhi, shi ke bayyana kansa.

A ganina an yi wa lamarin gurguwar fahimta, domin ana ɗaukar sharhi a matsayin fassarar abin da kod yake yi. Babban aikinsa ya wuce nan. Shi ne wurin da ake ajiye dalilin da ya sa aka yi abu yadda aka yi shi, saboda mutumin da zai zo daga baya wanda ba shi da halin tambayar marubucin. Marubuta ƙagaggun labaran kimiyya sun daɗe da gano wannan matsala, wasu ma tun kafin a ƙera kwamfutar da za a iya ɗauka a hannu, kuma abubuwan da suka faru da kumbuna da rokoki na gaske sun tabbatar da hasashensu.

Mene ne kod, mene ne sharhi?

Kod shi ne jerin umarnin da mutum ke rubutawa da wani harshe na musamman, kamar Python ko Java ko C, domin kwamfuta ta bi. Duk manhajar da ke cikin wayarka, daga ta banki zuwa ta aika saƙo, tarin irin waɗannan layuka ne, wani lokaci dubbai, wani lokaci miliyoyi. Kwamfuta ba ta da kara, ba ta kuma yin uzuri. Abin da aka rubuta mata shi take yi, ko da kuwa ba shi marubucin yake nufi ba.

Sharhi kuwa rubutu ne da ake sakawa a tsakanin layukan kod, wanda kwamfuta ke tsallakewa ba ta ko kallonsa. A harshen Python ana fara shi da alamar #, a Java da C kuma da alamar //. Don ɗan'adam kawai ake rubuta shi. Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon littafin fiƙihu ko nahawu na hannu, irin waɗanda ake gada a gidajen malamai a Kano ko Sakkwato ko Agadas, ya san wannan tsari: ga matani a tsakiya da manyan baƙaƙe, ga kuma ƙananan rubutu a gefe da tsakanin layuka, wani da Larabci wani da ajami, inda wani malami ya warware kalma mai wuya ko ya nuna inda masu karatu ke yawan zamewa. Malamin ya rasu tuntuni, amma ɗalibi na buɗe shafin zai tarar da shi yana jiransa a daidai wurin da zai yi tuntuɓe.

Me ya haɗa wannan da labaran kimiyya?

Masu rubuta manhaja suna yawan aron misalai daga ƙagaggun labaran kimiyya, su ma marubutan labaran suna aro daga wajensu, saboda tsarin tunanin ya yi kama sosai. Labarin mutumin da ke farkawa kullum a rana guda, yana maimaita ta har sai ya gyara wani abu, shi ne ainihin abin da ake kira zagaye a kod: a yi ta maimaita aiki har sai wani sharaɗi ya cika, in kuwa an manta ba a rubuta sharaɗin fita ba, manhaja ta maƙale ke nan. Labarin duniyoyi masu kama da juna, inda a ɗaya ka ɗauki wannan shawara a ɗaya kuma ka ɗauki waccan, ya yi daidai da yadda Git ke aiki. Git manhaja ce da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin adana tarihin duk wani canji da aka yi wa kod. A cikinta mutum na iya fitar da reshe daga asalin aiki, ya gwada wani abu dabam, in ya yi kyau ya haɗe shi da asali, in bai yi ba ya yar, ko ya koma yadda kod ɗin yake a watan jiya. Shi kuma labarin mai tafiya cikin zamani da ya koma baya ya hana haihuwar kakansa, masu kod sun san irinsa: sashe na farko ba zai tashi ba sai na biyu ya tashi, na biyun kuma yana jiran na farko.

Waɗannan misalai suna taimaka wa mai koyo ƙwarai, amma suna da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. A Git ana komawa baya, a rayuwa kuwa kuɗin da manhaja ta tura wa wanda bai dace ba sun riga sun tafi, roka da ta tarwatse ba ta haɗuwa. Haka nan kamar da ke tsakanin kod da tsarin duniya ba hujja ba ce ta cewa duniya manhaja ce, kamar yadda wasu ke yayatawa tun bayan wata maƙala da masanin falsafa Nick Bostrom ya wallafa a 2003. Misali abin koyarwa ne, a nan amfaninsa ya tsaya.

Akwai dai labarai biyu da suka wuce kwatance kawai, suka taɓa zuciyar batun sharhi.

Mutum-mutumin da ya yi ta zagaye

A 1942 Isaac Asimov ya wallafa wani gajeren labari mai suna Runaround, wanda a cikinsa ne ya fara jera dokokin nan uku na mutum-mutumi da suka yi fice: kada ya cutar da ɗan'adam ko ya zura ido a cutar da shi, ya bi umarnin ɗan'adam muddin bai saɓa wa ta farko ba, ya kare kansa muddin bai saɓa wa biyun farko ba. A labarin, injiniyoyi biyu suna duniyar Makyuri, suna buƙatar wani sinadari mai suna seleniyam domin gyara na'urar da ke kare su daga zafin rana. Ɗayansu ya aiki mutum-mutumi ya ɗebo. Sai dai ya ba da umarnin ne sama-sama, bai gaya masa cewa rayukansu sun rataya a kan wannan aike ba. Wurin da sinadarin yake akwai haɗari ga jikin mutum-mutumin, shi kuma mai tsada ne, don haka an ƙarfafa masa dokar kare kai. In ya matsa kusa, dokar kare kai ta kore shi. In ya ja baya, dokar bin umarni ta dawo da shi. Sai ya tsaya a tazarar da ƙarfin biyun ya zo daidai, ya yi ta kewaya wurin, su kuwa lokaci na ƙure musu.

Babu dokar da ta lalace a nan, babu kuma wanda ya yi ƙarya. Abin da ya ɓace shi ne dalili. Da mai aiken ya ƙara jimla guda, ya ce in ba ka kawo ba za mu mutu, da doka ta farko ta rinjayi komai. Wannan shi ne halin kod da ba shi da sharhi: umarni yana nan, daidai yake, amma nauyinsa da manufarsa sun tsaya a kan wanda ya rubuta. Wanda ya gaje shi ba zai san wane layi ne ado ba, wane ne kuma ginshiƙin da in an taɓa shi rufin zai rufto.

Masu tonon tsohon kod

Labari na biyu na Vernor Vinge ne, wanda ya koyar da lissafi da kimiyyar kwamfuta a wata jami'a a San Diego. A littafinsa A Deepness in the Sky na 1999 ya kwatanta jiragen sararin samaniya na dubban shekaru masu zuwa, waɗanda ke tafiya da kod da aka yi ta jibga wani kan wani tun zamaninmu. Ba mai iya sake rubuta shi daga tushe, domin duk wanda ya gwada sai ya tarar ya haifo sababbin matsaloli. Saboda haka sai aka sami wata sana'a mai daraja a cikin jirgin: masu tono cikin tsohon kod kamar yadda masu binciken kufai ke tonon ƙasa. A wani wuri ya nuna cewa agogon jiragen yana ƙirga daƙiƙoƙi ne daga lokacin da mutane ke zaton shi ne saukar ɗan'adam a duniyar wata, amma in an duba da kyau, ƙirgar ta fara ne kimanin daƙiƙa miliyan 15 bayan haka. Mai karatun da ya san kwamfuta zai gane nan take: tsarin Unix, wata daɗaɗɗiyar babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, yana ƙirga lokaci daga 1 ga Janairun 1970, wata biyar da 'yan kwanaki bayan saukar kumbon Apollo 11 a duniyar wata a Yulin 1969. Wato shawarar da wasu injiniyoyi suka yanke a ofis ta rayu, dalilinta kuwa ya ɓace har aka ƙirƙira mata wani.

Ba sai an jira dubban shekaru ba. An harba kumbon Voyager 1 ranar 5 ga Satumban 1977, kuma yanzu ya wuce nisan kilomita biliyan 24 daga duniya. Ranar 14 ga Nuwamban 2023 ya daina aiko da bayanai masu ma'ana, sai wasu lambobi da ke ta maimaita kansu. Injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, sun shafe watanni suna neman bakin zaren, kuma hukumar da kanta ta bayyana cewa irin wannan aiki kan tilasta musu komawa ga takardun asali na gomman shekaru, waɗanda injiniyoyin da ba su taɓa hango matsalolin yau ba suka rubuta. Daga ƙarshe aka gano cewa wani ɗan guntu guda a ma'adanar ɗaya daga cikin kwamfutocin kumbon uku ya mutu, ya tafi da wani ɓangare na kod. Ba yadda za a je a canza shi. Babu kuma wani fili guda da zai ɗauke kod ɗin gaba ɗaya, domin duka ma'adanar kwamfutocin kumbon ba ta kai kilobayit 70 ba, ƙasa da hoto guda a wayarka. Sai suka yanyanka kod ɗin, suka rarraba shi a 'yan gurabe daban-daban, suka gyara duk wata nuni da ke cewa je ka wuri kaza domin ta dace da sabon mazauni.

A yi tunanin wannan aiki da kyau. A lokacin saƙo na ɗaukar awa 22 da rabi kafin ya isa kumbon, amsa kuma ta ɗauki wasu awa 22 da rabi. Sun aika gyaran ranar 18 ga Afrilun 2024, sai ranar 20 suka ji cewa ya yi. Kowane gwaji kwana biyu ne, kuma kuskure guda na iya rufe bakin kumbon har abada. A irin wannan hali, duk wata jimla da wani injiniya ya rubuta a shekarun 1970 yana bayanin me ya sa ya ajiye abu kaza a wuri kaza ta fi zinariya daraja.

Irin wannan gado bai tsaya ga kumbuna ba. A Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta raba miliyoyin Amurkawa da ayyukansu, gwamnan jihar New Jersey na lokacin, Phil Murphy, ya fito fili yana neman waɗanda suka iya COBOL, harshen da aka ƙirƙira a 1959, domin tsarin biyan tallafin marasa aiki na jihar ya haura shekara 40 kuma ya kasa ɗaukar yawan masu nema. Mutanen da ke jiran kuɗin cefane ne suka ɗanɗana kuɗar.

Dalilin da ba a rubuta ba: rokar Ariane 5

In ana neman misali guda da ya fi kowanne fito da batun fili, to shi ne abin da ya faru a Kourou, cikin Giyana ta Faransa, ranar 4 ga Yunin 1996. Sabuwar rokar Turai, Ariane 5, ta tashi a karon farko ɗauke da taurarin ɗan'adam huɗu na binciken kimiyya. Kimanin daƙiƙa 40 bayan an kunna ta sai ta karkace, ta fara ɓallewa, ta tarwatse.

Kwamitin bincike ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya gano cewa na'urar da ke gaya wa rokar inda take da inda ta dosa tana amfani da kod da aka ɗauko daga Ariane 4. A cikin kod ɗin akwai wurin da ake ɗaukar wata lamba mai faɗin bit 64 (bit shi ne gurbi mafi ƙanƙanta a ma'adanar kwamfuta, mai ɗaukar 0 ko 1) a zuba ta a mazubi mai bit 16, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Injiniyoyin farko sun san da wannan haɗari. Sun duba lambobi bakwai da za su iya ambaliya, suka sa wa huɗu kariya, suka bar uku, saboda ana so kada aikin kwamfutar ya wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfinta, kuma lissafi ya nuna musu cewa a yadda Ariane 4 ke tafiya waɗannan ukun ba za su taɓa cika mazubin ba. Shawara ce mai ma'ana a lokacinta. Amma Ariane 5 ta fi gudu a kwance tun farkon tashi. Lambar ta wuce iyaka, kwamfutar ta tsaya, ta ko-ta-kwana ma da ke gudanar da kod iri ɗaya ta riga ta tsaya ƙasa da daƙiƙa guda kafin nan. Abin da ya fi ciwo, wannan sashe ba shi da wani aiki a Ariane 5 bayan tashi. An bar shi yana gudana ne saboda wata buƙata ta tsohuwar rokar.

Rahoton kwamitin ya faɗi wani abu da ya kamata kowane mai koyon kod ya sani: ba a sami bayanin dalilin waccan shawara a cikin kod ɗin kansa ba. An amince da ita, tana cikin tulin takardu, amma ta ɓuya daga idon duk wanda zai duba aikin daga waje. Ba zan ce sharhi kaɗai zai ceci rokar ba, domin kwamitin ya fi ɗora laifi a kan rashin gwada na'urar da bayanan tafiyar Ariane 5. Sai dai layi guda da ke cewa an bar wannan ba kariya ne bisa zaton gudun Ariane 4, a sake dubawa in roka ta canza, zai iya sa wani ya tsaya ya yi tambayar da ba wanda ya yi.

Bayan shekara uku, a Satumban 1999, NASA ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja tana fitar da lambobin ƙarfin turi da ma'aunin fam na Amurka, wata kuma tana karɓarsu a matsayin ma'aunin niyuton, bambancin da ya haura ninki huɗu. Lamba tsirara ba ta faɗin ma'auninta.

Me masu adawa da yawan sharhi ke cewa?

Suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Wanda ya fi shahara da wannan ra'ayi shi ne Robert C. Martin, wanda a littafinsa na 2008 ya ɗauki yawancin sharhi a matsayin alamar gazawa: ka kasa rubuta kod mai fahimtuwa ne shi ya sa kake toshe ɓaraka da bayani. Ya kuma nuna cewa sharhi na yin ƙarya. Ana gyara kod a manta da sharhin da ke kansa, tunda kwamfuta ba ta duba shi, sai ya zauna shekaru yana faɗin abin da ya daina zama gaskiya. Maganinsa shi ne a raɗa wa abubuwa sunaye masu ma'ana, a kuma yanka aiki ƙanana-ƙanana yadda kowane zai bayyana kansa.

A ɗaya ɓangaren akwai John Ousterhout na Jami'ar Stanford, wanda a littafinsa na 2018 ya ce akwai bayanai masu yawa da ke cikin kan mai tsara manhaja waɗanda kod ba zai taɓa iya ɗauka ba, har ya ba da shawarar a fara rubuta sharhi kafin kod. Tun a 1984 ma Donald Knuth ya yi kira da a ɗauki rubuta manhaja a matsayin yi wa ɗan'adam bayanin abin da ake so kwamfuta ta yi.

Na yarda da Martin a kan rabin maganarsa. Sharhin da ke maimaita kod shara ne, sharhin da ya tsufa kuma ya fi rashinsa muni, domin yana ɓatar da mai gaskata shi. Amma komai kyan sunan da ka raɗa wa abu, ba zai gaya wa magajinka hanyar da ka gwada ta ƙi ba, ko dokar gwamnati da ta tilasta maka wani lissafi, ko zaton da ka gina komai a kansa. A nan Ousterhout ya fi gaskiya.

Wane sharhi ne mai amfani?

Ga misali daga irin aikin da matasanmu ke yi yau da kullum. A ce wani a Kano ya rubuta manhajar karɓar kuɗi, a ciki akwai wannan layi:

kudi = kudi * 100  # a ninka da 100

Wannan sharhi bai ƙara komai ba, kowa na ganin an ninka da 100. Ga yadda ya kamata:

# Ana ajiye kuɗi da kwabo, ba da naira ba, don kauce wa kuskuren lissafin ɗigo.
# An gina wannan a kan naira kaɗai. Sefa ba ta da kwabo, kada a ninka ta.
kudi = kudi * 100

Jimla ta farko ta ba da dalili. Kwamfuta ba ta iya riƙe wasu lambobi masu ɗigo daidai-wa-daida. Ka tara 0.1 da 0.2 a Python ka gani, za ta ba ka 0.30000000000000004. Shi ya sa masu manhajar kuɗi ke lissafi da mafi ƙanƙantar sulalla. Jimla ta biyu ta fallasa zato. Ranar da aka ɗauki wannan kod aka kai shi Maraɗi ko Damagaram domin karɓar sefa, wadda a tsarin biyan kuɗi na duniya ba ta da ƙaramin rabo, wanda ya sayi kayan sefa 5,000 zai iya ganin an nemi cire masa 500,000. Ciwon Ariane ke nan a cikin shagon unguwa.

Daga nan sauran ɗabi'un suke fitowa. A rubuta ma'auni a duk inda lamba take: daƙiƙa ce ko minti, kilo ne ko buhu, agogon Najeriya ne ko na GMT. In ka yi wani abu da zai yi wa mai karatu kama da kuskure, ka faɗa masa da gangan ne, ka ba shi dalili, in ba haka ba wani mai son gyara zai zo ya goge shi. In ka canza kod, ka canza sharhinsa a zama ɗaya. Kod ɗin da aka daina amfani da shi a goge shi, kada a mayar da shi sharhi a bar shi yana cika wuri, tunda Git na riƙe da tarihinsa. Lambar sirri ko mabuɗin shiga kuwa ba su da mazauni a cikin sharhi ko kaɗan, domin kod na yawo, yana faɗawa hannun da ba a zata ba.

Maganar na wucin gadi tana buƙatar kulawa ta musamman. A 2016 aka ɗora kod ɗin kwamfutar Apollo 11 a GitHub, shafin intanet da ake ajiye kod, aikin da tawagar Margaret Hamilton ta yi a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka. A sashen lissafin sauka a duniyar wata akwai layukan da wani injiniya ya rubuta a gefensu cewa na wucin gadi ne, yana fata, yana fata, yana fata. Da su kumbon ya sauka. Wannan sharhi yana da gaskiya, yana kuma nuna zuciyar mutumin da ke aiki cikin matsi, amma bai faɗi me ake jira kafin a cire layukan ba. In za ka rubuta cewa abu na wucin gadi ne, ka haɗa da sharaɗin cire shi da wanda ke da alhakin yin haka.

Akwai kuma sharhin da ya fi kowanne shahara a tarihin sana'ar, a cikin Unix bugu na shida na 1975, a wurin da tsarin ke sauyawa daga wani aiki zuwa wani, inda aka rubuta cewa ba a sa ran ka fahimci wannan. Daga baya Dennis Ritchie, ɗaya daga cikin iyayen Unix, ya bayyana cewa ba da girman kai aka rubuta ba, kuma ainihin matsalar ita ce su kansu ba su gama fahimtar abin da ke faruwa ba, sai da aka kai tsarin wata na'ura dabam dabarar ta ƙi aiki. In bayanin wani sashe ya gagare ka rubutawa, yawanci alama ce cewa sashen ne ke buƙatar gyara.

To, ƙirƙirarriyar basira fa?

Gaskiya ne waɗannan manhajoji sun ƙware wajen faɗin abin da kod yake yi, kuma hakan ya rage buƙatar sharhin fassara, wanda dama ba shi da yawan amfani. Amma ka miƙa musu layin Ariane, za su gaya maka ana zuba lamba mai bit 64 a mazubin bit 16, wataƙila ma su gargaɗe ka cewa tana iya ambaliya. Ba su halarci taron da aka yanke shawarar kashi 80 ba, ba su ga lissafin gudun tsohuwar roka ba. In ka matsa musu da tambayar dalili, za su iya ƙirƙiro maka wani mai daɗin ji wanda ba shi ne na gaskiya ba.

Akwai ma abin da ya ƙara wa sharhi nauyi. Waɗannan manhajoji suna karanta sharhi, suna kuma dogara da shi wajen rubuta sabon kod. Sharhi mai kyau na shiryar da su, wanda ya tsufa kuma na ɓatar da su kamar yadda yake ɓatar da mutum, sai dai su da sauri suke yaɗa kuskuren. Sannan yanzu ana samar da kod mai yawan gaske wanda ko wanda ya sa aka rubuta shi bai karanta ba. Mai wannan aiki shi kaɗai ya san me ya nema da kuma me ya sa. In bai rubuta ba, ya bar kod maraya tun ranar haihuwarsa.

Ina ruwan wanda ba ya rubuta kod?

Albashinsa, fanshonsa, sakamakon jarrabawar 'ya'yansa, rajistar katin shaidarsa da bayanan asibitinsa duk suna bi ta cikin manhajojin da wasu suka rubuta suka kuma bar wurin aikin. Masu wannan sana'a suna yawan sauya ma'aikata, waɗanda suka ƙware kuma ƙasashen waje na janye su. Idan manhaja ta tsaya, tsawon lokacin da za a ɗauka kafin a gyara ya danganta da yadda sabon ma'aikaci zai iya gane abin da tsohon ya bari. Saboda haka duk mai kamfani ko shugaban ma'aikatar da zai ba da kwangilar manhaja, ya dace ya sa a cikin yarjejeniya cewa za a miƙa masa kod ɗin da bayanansa, ya kuma sa wani masani na dabam ya duba ko ana iya fahimtarsa, kafin ya biya kuɗin ƙarshe.

Akwai kuma wa'adin da ke tafe wanda aka san ranarsa. Tsofaffin tsare-tsare masu ƙirga daƙiƙoƙi daga 1970 a mazubin bit 32 ba za su iya wuce 2,147,483,647 ba. Za a kai wannan lamba ranar 19 ga Janairun 2038 da ƙarfe 3:14 na dare agogon GMT, daga nan agogonsu ya koma Disambar 1901. Sababbin wayoyi da kwamfutoci sun koma bit 64, sun tsira. Damuwar tana ga ƙananan na'urorin da aka dasa a cikin injinan masana'antu, mitoci, motoci da kayan sadarwa, waɗanda ake sayen su don su yi shekara 20 ko 30, da kuma tsofaffin rumbunan bayanai da aka tsara da wancan ma'auni. Waɗanda za su bi su ɗaya bayan ɗaya suna neman inda aka ajiye lokaci a bit 32, da yawansu yanzu suna makarantar sakandare ko suna koyon Python a waya, kuma za su yi aikin ne da abin da masu kod na jiya da na yau suka rubuta musu a gefen layi.